Tantin Umara Mai Igiya

Duk wanda ya yi hulɗa da kasuwar shanu ta Potiskum a zamanin Turawa, kafin yaƙin Bama da ɗan bayansa, ya san Umara mai igiya, ko da a fuska ne. Rumfarsa tana bakin hanyar da ake shigo da garke. A nan yake zama bisa buzu daga hantsi har la'asar, ƙafa ɗaya a miƙe, bakin igiya a ɗaure a babban yatsanta, yana tufka. Dogo ne, siriri, da tsagen Barebari a kumatunsa, kuma ba ya yawan magana. Kakansa ne ya taso daga Borno da fataucin kanwa. Ubansa ya zauna a Potiskum, ya koyi tufka a wurin wani dattijo daga cikin Ngizimawa. Shi kuwa Umara ya gaji sana'ar da rumfar gaba ɗaya.

Abin da ya yi suna a kansa shi ne awo. Igiya iri-iri ce: akwai ta ɗaure sa, akwai ta dabaibayi, akwai ta guga, kuma kowace da tsawonta. Umara da hannunsa yake aunawa, daga gwiwar hannu zuwa kan dogon yatsa, wato kamu ɗaya. Abin da bai kai kamu ba ya auna shi da taƙi, ya buɗe tafinsa daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Ba a taɓa jin wanda ya sayi kamu goma a wurinsa ya je gida ya iske tara da rabi ba. Dillalai ma, idan gardama ta tashi a kan tsawon wani abu, sukan ce a kira Umara, kuma abin da ya faɗa shi ke nan. Sana'ar ta ba shi mutunci da abinci, ta kuma ba shi tari. Ƙurar rama da ya shaƙa shekara talatin ta zauna masa a ƙirji, kowace damina sai ya yi kwanaki yana numfashi da ƙyar, matarsa tana dafa masa citta da kanumfari.

Matar, Yakaka, 'yar Fika ce, ita ma asalin gidansu Borno. Shekararsu ashirin da biyu tare a unguwar da yanzu ake kira Dogo Tebo, sun haifi 'ya'ya mata biyu, duka sun aurar. Uwarta, Ya Meram, tana zaune a Fika. A duk waɗannan shekaru Umara da surukarsa ba su taɓa duban fuskar juna ba. Idan ya je gaishe ta, a zaure yake tuɓe takalmi, ya tsuguna a bayan zana, gaisuwa ta ratsa ta tsakanin kara. Bai taɓa cin abinci ko shan ruwa inda za ta gan shi ba. Ita ba ta taɓa ambaton sunansa ba, sai dai ta ce wa 'yarta "mutumin gidanku". Shi kuma "su Iya" yake cewa, kamar mutane ne da yawa. Ba ƙiyayya ce ta kawo wannan ba. Kowace shekara igiyar guga mafi kyau da ya tufka Fika take tafiya, daga can kuma a aiko da daddawa da garin kuka a ƙullin tsumma. Haka suka tarar ana yi, haka suka yi, kuma mutane suna misali da su.

Shekara biyu bayan an gama yaƙi mijin Ya Meram ya rasu. Ba ta da ɗa namiji a raye. Da ta fita takaba sai ta sayar da shanunta biyu da abin da ke rumbu, ta ce ba ta da sauran buri a duniya sai ta ga ɗakin Allah. Malaman Fika suka ce mata mace ba ta tafiya irin wannan sai da muharrami, suka kuma nuna mata cewa mijin 'yarta muharraminta ne a shari'a. Ta bakin Yakaka saƙon ya iso. Umara ya saurara har ƙarshe, hannunsa bai bar tufka ba, sa'an nan ya ce, "To." Washegari ya fara tufkar igiyoyin ɗaure kaya.

A wancan zamani talaka a ƙasa yake zuwa Makka, ko a kan jaki: Damaturu, Yerwa, Fallomi, sai ƙasar Sudan, tafiyar da takan ci shekaru. Akwai ayarin da zai tashi daga Potiskum a ƙarshen bazara, a ƙarƙashin wani Malam Abdulsalam wanda ya taɓa zuwa ya dawo. Shirinsa shi ne su isa Yerwa kafin ruwa ya zauna, su yi ƙodago a gonakin mutane har kaka, sa'an nan su wuce. Yawancin 'yan ayarin tabarma da buzu ne shimfiɗarsu, sama ce rufinsu. Umara ya ga cewa tsohuwa mai shekara saba'in ba za ta jure raɓa da rana haka ba, kuma shi aka ba amanarta. Ya ƙudura sai ya sami tanti. Abin da ya rage a hannunsa bayan jaki da guzuri bai taka kara ya karya ba, tsohon tanti kawai zai iya saye.

Mutum ɗaya ne yake sayar da irin wannan kaya a garin, Muhammadu Sani, wanda kowa yake kira Kofur. Bafillace ne, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Bama da ɗingishi, ya buɗe rumfa a gefen kasuwa yana sayar da tsofaffin kayan soja: barguna, kwanoni, takalma, tamfol. Tsakaninsa da Umara akwai wasan nan na Fulani da Barebari, wanda ba ya tsufa.

"A'a, yau bawa ya tuna da ubangidansa!" in ji Kofur da ya hango shi, yana kwaikwayon kiran girmamawa na Barebari. "Zauna a ƙasa, Ba Umara, kujera ta manya ce."

"Na zo in ga ko akwai Bafillacen da ya iya sayar da abin da ba nono ba."

"Na sayar wa Bature ma, balle mai cin kanwa. Me kake nema?"

"Tanti."

Kofur ya jawo ƙunshi biyu daga bayan rumfa. Na farko babba ne, mai bango da dirka biyu, wanda mutum zai iya tsayawa a ciki. Ya koɗe, an yi masa faci a wuri uku, gefe ɗaya kuma a yage yake, ga nauyi wanda sai an ware masa jaki guda. Na biyu ƙarami ne, kore shar, babu huda ko ta allura, mutum zai saɓa shi a kafaɗa ya yi tafiya. Kuɗinsu kusan ɗaya ne, saboda yagewar babban. Umara ya daɗe yana shafa su. Yaga ba ta dame shi ba, don ɗinki ba baƙonsa ba ne. Nauyin ne abin tunani, gama jakinsa ɗaya ne, kuma tsohuwa ce za ta hau shi.

"Mutum nawa za su kwana?" Kofur ya tambaya.

"Uku."

"Su wa da wa?"

Umara ya ɗaga ido. Mahauta biyu suna zaune a inuwar rumfar suna cin goro, ga wani dillali da ya tsaya yana gwada takalmi, kunnuwansu duka a buɗe. Idan ya furta a tsakiyar kasuwa cewa shi da matarsa da surukarsa ne za su shiga ƙarƙashin ƙyalle ɗaya, kafin azahar maganar ta zaga kasuwar shanu, kuma sunan Ya Meram ne zai shiga bakin mahauta.

"Mutum uku na ce maka."

"To, in uku ne, ƙaramin ya isa. Mu huɗu muka kwana a irinsa a Bama, da bindigoginmu, in ɗaya zai juya sai ya yi wa sauran sallama. Bari in kafa maka shi yanzu, ka shiga ka kwanta ka gani."

"In kwanta a kasuwa mutane suna kallona kamar gawa? Shimfiɗa shi a ƙasa kawai."

Aka shimfiɗa shi. Umara ya tsuguna ya bi shi da hannu, yadda yake bin igiya. Tsawo kamu huɗu da rabi, ya ishi dogon mutum. Faɗi kamu shida cif. Ya shiga raba wurin a zuci. Ya san idan aka ɗaga tsakiya faɗin zai ragu, don haka ya cire kamu ɗaya domin wannan. Saura biyar. Mata biyu su ɗauki uku. Ya rataya bargo a matsayin labule, ya bar rabin kamu fili a bayansa. Shi kuma ya kwanta a kamu ɗaya da rabin da ya rage, ya shiga ta ƙofar baya bayan sun shiga, ya fita kafin su tashi. Da labule da fili a tsakani, ɗaki biyu ke nan, ba ɗaya ba. Ya sake bin awon, ya fito daidai.

Kofur yana tsaye yana kallonsa, ya daina dariya. "Ba Umara, tanti ba igiya ba ne. A tsaye ake auna shi."

"Ina awo tun kana bin maruƙa ba wando. Naɗe mini."

Ana gobe tashi Ya Meram ta iso daga Fika, ta sauka a ɗakin 'yarta. Umara bai ga dacewar ya kafa tanti a tsakar gida tana ji ba, sai ya ɗauke shi bayan sallar azahar ya fita bayan gari shi kaɗai. Ya kafa dirka, ya ja igiyoyi, ya buga turaku. Tun kafin ya sa hannu idonsa ya gaya masa, amma ya tsuguna ya auna. Kamu uku da taƙi ɗaya. Tsayin ya cinye kusan rabin faɗin, ba kamu ɗaya ba. Ya rage tsawon dirka domin ƙyallen ya bazu, sai rufin ya lotsa kamar ƙwarya, kowa ya gani ya san ruwa zai taru a ciki ya zubo. Ya mayar da shi yadda yake, ya sake aunawa, har sau uku. Mutum uku za su iya kwanciya, amma kafaɗa tana gugar kafaɗa, yadda sojoji suka yi. Babu wurin labule, babu fili.

Ya naɗe shi ya koma kasuwa da sauri. Yana isa rumfar Kofur ya ga wurin da babban yake babu komai.

"Wani direba ya ɗauke shi da safe, zai rufe kayan lori," in ji Kofur. "Yanzu ya yi nisa a hanyar Kano. Lafiya? Ko ya yi maka kaɗan?"

Mahautan nan suna nan a inda suke. Umara ya ce, "Ƙarin turaku na zo nema."

A gida ya ce wa Yakaka tantin nasu ne, ita da su Iya. Shi ba ya son rufi a kansa, zafi yake ji. Ta dube shi, domin ta fi kowa sanin ƙirjinsa.

"Malam, damina fa?"

"Za mu riga ta isa Yerwa."

Kwana huɗu na farko tafiya ta yi kyau. Tsohuwa tana kan jaki, lulluɓe da mayafi, Yakaka tana gefenta, Umara yana gaba da taku goma, ba ya waiwaye. Idan aka yi zango ya kafa tanti, ya kau da kai har su shiga, sa'an nan ya shimfiɗa buzunsa can nesa. Matan ayarin suna ta yaba wa Ya Meram, suna cewa ta yi dacen suruki.

Rana ta biyar, sun wuce Damagum, hadari ya taso daga gabas da azahar. Sun ƙetare wani kwari a bushe, suka hau wani tudu mai 'yan tsamiyoyi, ruwa ya sauko. Da gari ya waye kwarin da ke gabansu ya cika ya batse, na bayansu ma haka. Mutum wajen talatin suka tsaya cik a kan tudun, babu ƙauye kusa, babu hanyar fita. Ruwan kuwa ya ƙi ɗaukewa. Ya yi kamar zai tsaya, ya koma yayyafi, ya sake kecewa, tamkar marka, alhali lokacinta bai yi ba. Malam Abdulsalam ya ce bai taɓa ganin irinsa a farkon damina ba.

Tantin bai zubar da ko ɗigo ba. Umara ya haƙa masa 'yar magudana kewaye, ya canja igiyoyin soja da nasa na rama, yana zagayawa yana ƙara musu ƙarfi. Idan ya gama sai ya koma gindin tsamiya, ya jingina da mangalar jaki, malafa a ka, buzu a kafaɗa. Sauran mazan sun haɗa tabarmi sun yi 'yan rumfuna, suka matsa suka ba shi wuri, amma tabarma rage ruwa take yi, ba ta hana shi. Su samari ne akasari, suka jiƙe suka bushe suka sake jiƙewa suna raha. Shi kuwa a rana ta biyu a kan tudun tari ya fara. A ta uku zazzaɓi ya rufe shi, haƙarƙarinsa na dama yana suka duk lokacin da ya ja numfashi.

Yakaka ta kawo masa kunu da aka dama da ƙyar a wutar ɗanyen itace. Ta tsuguna a gabansa, ruwa yana bin fuskarta.

"Malam, don Allah ka shigo. Zan kwanta a tsakiya. Iya za ta juya baya, ba za ta gan ka ba."

"Za ta ji numfashina."

"Ai yanzu ma tana jin tarinka. Jiya ba ta ci komai ba."

"Ki ce mata na ji sauƙi."

"Ni zan yi wa uwata ƙarya, ko kai za ka yi wa kanka?"

Ya kau da kai. Ta tafi ta kira Malam Abdulsalam. Malamin ya zo ya zauna kusa da shi, ya yi masa bayani a hankali: cewa uwar mata kamar uwa take, har abada, cewa shari'ar da ta ba shi damar rako ta ita ce ta ba shi damar zama inuwa ɗaya da ita, cewa ba a yarda mutum ya jefa kansa cikin halaka ba. Umara ya saurara da ladabi, kansa a sunkuye.

"Na sani, Malam," ya ce. "Littafi ya yarda. Ƙafata ce ta ƙi."

Duk da haka ya gwada. Da la'asar ɗin ranar ya miƙe yana dafa itace, ya nufi tantin, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ɗaga gefen ƙyallen kaɗan. Ya ga tafukan ƙafafun tsohuwar, ƙanana, duk faso, ya ji ƙarar carbinta. Wurin da ya rage a gefe bai fi faɗin buzu ba. Ya saki ƙyallen, ya kama turken da ke kusa ya yi kamar shi ya zo gyarawa, ya koma gindin tsamiyarsa.

Ya Meram ta ga hannun da ya ɗaga ƙyallen, ta kuma ga ya sake shi. Da hantsin rana ta huɗu ta ɗauki carbinta da sandarta, ta fito cikin ruwa, ta je gindin wata tsamiya da ke ɗaya gefen, ta zauna a kan saiwa.

"Ki je ki gaya wa mutumin gidanku ɗaki babu kowa," ta ce wa 'yarta. "Ni iska nake so."

Yakaka ta kai saƙon. Umara ya buɗe ido, ya hangi tsohuwar a zaune cikin ruwa, mayafinta ya manne mata a jiki. Abin da ya sayi tantin domin ya hana, shi ne yake gani.

"Ki ce su Iya su koma. Ba don kaina na saye shi ba."

"Ta ce ba za ta koma ba sai ka shiga."

"In na shiga ba za su shigo ba. Ki ce su koma."

Haka Yakaka ta yi ta kai da kawowa tsakanin bishiyoyi biyu, zaninta yana jan taɓo, tana roƙon wannan tana roƙon wancan. 'Yan ayari suka leƙo daga ƙarƙashin tabarminsu suna kallo, babu mai dariya. Daga hantsi har aka kira azahar tantin yana tsaye a tsakiya, a bushe, ƙofarsa a buɗe, babu kowa a ciki. A zuwa na ƙarshe Yakaka ta tarar Umara ya zame daga jikin mangala, kuncinsa a ƙasa, yana magana shi kaɗai a kan wata igiyar guga da bai gama ba. Ba ta koma da saƙo ba. Ta tsaya a tsakiyar fili ta ɗora hannu a ka.

Sai Ya Meram ta dogara sandarta ta miƙe. Ta ratsa filin a hankali, ta wuce 'yarta, ta wuce tantin, ta tsaya a kan surukinta.

"Umara."

Bai taɓa jin sunansa a wannan murya ba. Ya zaci uwarsa ce, wadda ta rasu tun yana saurayi, har ya amsa da "Na'am" kafin ya gane. Da ya gane sai ya yi ƙoƙarin jawo malafa ya rufe fuska. Ta sa sandarta ta ture malafar.

"Ɗago ka dube ni. Na bar Fika domin in ga ɗakin Allah, ban fito domin in kashe mijin 'yata ba. Ka shiga, ni ma zan shiga. Mai dariya ya yi dariyarsa."

Ya so ya tashi, ƙafafunsa suka kasa. Malam Abdulsalam da wani saurayi suka ɗauke shi suka kwantar da shi a tsakiya. Yakaka ta shiga ta dama, tsohuwar ta shiga ta hagu, ta cire masa jiƙaƙƙiyar riga da hannunta, ta rufe shi da bargon da ya yi niyyar yin labule da shi. Wurin ya ɗauke su su uku, kafaɗa tana gugar kafaɗa. Ta ɗora tafinta a goshinsa tana addu'a da Barbarci, tana kiransa ɗanta.

Washegari da safe hankalinsa ya ɗan dawo. Ya kafa wa rufin ido, ya daɗe yana kallo.

"Bai yi yoyo ba ko?"

"Ko ɗigo," in ji Yakaka.

"Kamu uku da taƙi," ya ce. "Ki gaya wa Kofur ya fi ni gaskiya. A tsaye ake aunawa."

Ya cika bayan la'asar, daidai lokacin da ruwan ya ɗauke. Da igiyarsa aka auna tsawon kabarin, a gefen tudun inda ƙasa ta fi tauri. Likkafanin da aka sa masa na Ya Meram ne, wanda ta ƙulla a kayanta da niyyar ta tsoma shi a ruwan Zamzam. Ita ta kwance shi ta miƙa, ba wanda ya tambaye ta.

Bayan kwana biyu kwarin ya janye, ayari ya wuce gabas. Matan biyu ba su bi shi ba, domin muharraminsu yana cikin ƙasa. Suka juyo da jakinsu tare da wasu masu koro shanu zuwa Potiskum. Ya Meram ba ta koma Fika ba, ta zauna a gidan surukinta tare da 'yarta, ta rasu bayan shekara uku, ba ta ga Makka ba. Rumfar igiya ta koma hannun wani, kuma dillalai suka ci gaba da gardamarsu babu mai raba su.

A cikin kwanakin zaman makoki Kofur ya zo ta'aziyya, yana jan ƙafarsa. Ya tsuguna a zaure, Yakaka tana bayan zana. Ta isar masa da saƙon mijinta kalma da kalma, kamar yadda aka ba ta. Kofur ya sunkuyar da kai. Ya riga ya ji labarin a kasuwa, ya san su wane ne mutum ukun.

"Na tambaye shi," ya ce. "Wallahi na tambaye shi su wa da wa. Da ya ja ni gefe ya ce da tsohuwa ne, da babban na ba shi, da ni zan nemo masa aron jaki. Me ya hana shi faɗa mini?"

"Abin da ya hana shi shiga," in ji Yakaka.

Ta tura masa ƙunshin tantin ta ƙarƙashin zanar, a naɗe da igiyar rama, ta ce ya ɗauka, ba ta son ganin tantin a gidan. Kofur ya saɓa shi a kafaɗa ya fita. Bai sake sayar da shi ba. Ya kafa shi a gefen rumfarsa, ya bar shi a tsaye rani da damina har ya koɗe, kuma duk wanda ya zo sayen tanti sai ya sa shi ya shiga ya kwanta tukuna, ko kasuwa ta cika, sa'an nan ya ja shi gefe ya tambaye shi a hankali su wa da wa.